Iyakar Gonar Kakata

Abin da na fara lura da shi da na isa ƙofar gidan Baba Sale a Maruta shi ne tabarmarsa. Za ta ɗauki mutum shida, amma shi kaɗai ne a kai, dattawan unguwa suna can gindin wata bishiya daban.

Malamarmu ta tarihi a Birnin Kudu ce ta ce kowa ya nemo dattijo a lokacin hutu, ya ɗauko labarinsa daga bakinsa. Ni mai nauyin baki ce, shi ya sa na zaɓi wanda ba kowa kusa da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na kunna wayar da na aro don ɗaukar muryarsa. Ya ce, "Waccan abar ba ta mantuwa ko? To, matso da ita."

Ya ce, "Da ni manomi ne mai rufin asiri. Maƙwabciyar gonata mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Wata damina ina huɗa sai na ƙara kunya ɗaya a cikin nata. Ba ta gani ba. Da damina ta zagayo na ƙara biyu. Daga baya na tumɓuke gambar da ke kan iyaka na dasa ta gaba. Ta kai ƙara gaban dattawa, na rantse, aka ce ita ce maƙaryaciya. Kafin lokacin girbi, ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin."

Ya kori ƙuda daga gwiwarsa, ya ci gaba. "Da na ga rantsuwa ba ta ci ni ba, sai na shiga sayar da filayen mutane. Wannan ya kai ni gidan yari. Na fito, na tuba, na bi waɗanda na cuta ina neman gafara. Maƙwabciyar nan tawa, Hanne, ita ce kawai na kasa tunkara. Ki gaya wa 'yan ajinku, duk abin da na yi daga kunya ɗaya ya fara. Kada su taɓa ko taki ɗaya na wani."

Hanne kakata ce, daga Maruta ta koma Birnin Kudu, a ɗakinta nake kwana. Har yau in ta faɗi magana sai ta ƙara da, "Ko ba za ku yarda ba." A da, dariya muke yi mata.

Na ce, "Baba, ni jikarta ce."

Ya ce, "Tana da rai?"

Na ce, "Tana nan. Baba, don Allah ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ka maimaita wannan a gaban dattawan can. Zan roƙi kawuna ya kawo ta, ta ji da kunnenta."