Malamar da ke ɗora hannun Ummi a maƙogwaronta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe labari ya iso mini, Ibu Ratna ta rasu a asibiti a nan Guangzhou.

Masu tambayar lafiyarmu, maigidan lafiya lau, yana Jakarta ta ƙasar Indonesiya tun watan jiya, can ya mai da kasuwancinsa. Ƙaramar 'yata Walida tana mura amma da sauƙi. Ni ga ni nan dai. Babbar 'yata Ummi ce abin ya kayar. Tun da ta ji, magana ta ɗauke mata.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Ibu Ratna 'yar Indonesiya ce, mijinta na karatu a wata jami'a a unguwar Tianhe. A sashen mata na Masallacin Huaisheng muka haɗu wata Juma'a. Da guntun Turancina na gaya mata za mu bi maigidan, kuma sakandaren da Ummi za ta fara a can sai sun yi mata intabiyu da baki, da yarensu. Ta ce in kawo ta ranar Asabar, akwai 'yan mata huɗu da take koya wa yaren a falonta.

Ba ta farawa da littafi. Sai ta kama hannun yarinya ta ɗora a maƙogwaronta, ɗayan a kan hancinta, ta yi sautin nan nasu na "ng" mai fita ta hanci, ta ce ki ji inda yake motsi, sannan ki nemo shi a jikinki. Takan tsokani Ummi wai mu Hausawa da "r" irin ta yarensu aka haife mu, an gama mata rabin aiki.

Ni a bakin ƙofa nake zama. Sai da na haifi Walida na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau in na ga malami da alli ja da baya nake yi. Ta lura. Ta ce, "Mama Ummi, a nan kunne ake so, ba biro ba. Matso."

Asabar ɗin ƙarshe, sati uku ke nan, muryarta ta dishe. A jirgin ƙasa muna komawa gida Ummi ta ce ta taɓa wani ƙullutu mai tauri a wuyan malama. Na ce ta yi shiru, yaro ba ya faɗa wa babba irin wannan. Na aika wa malamar zuma da citta.

Zuma da citta, jama'a.

Mijinta ya ce ta daɗe da sanin ciwon, ita ta hana a faɗa. Sau uku ina gaya wa Ummi haka. Kallona kawai take yi, ta cusa hannunta cikin hijabi.

Intabiyun ranar Alhamis ne, ta bidiyo. In ba ta buɗe baki ba gurbin makarantar ya wuce, sai zaman gida shekara guda a ƙasar da ba ta san kowa ba. Na san zaman yarinya a gida ba makaranta, ni na yi shi. Wallahi tsoro nake ji.

Bayan la'asar na rasa dabara, na jawo hannunta na ɗora a maƙogwarona, na yi sautin iya yadda na iya. Ta so ta fizge, na riƙe. Na sake yi. Can ta ce, "Umma, ta hanci ne, ke ta baki kike yi." Ta ɗora ɗaya hannun a hancina. Sai ta fashe da kuka.

Iyakar abin da ta ce yau ke nan.

Allah Ya ji ƙan Ibu Ratna, Ya haskaka kabarinta, Ya ba mijinta haƙuri. Ku sa ta a addu'a. Kuma don Allah wanda ya san wata mace mai jin yaren Indonesiya a garin nan ya yi mini magana kafin Litinin. Ba sai malama ba. Wadda za ta yarda yarinyar nan ta ɗora hannu a wuyanta kawai nake nema.