Iskar da ke Ɗakina

Aji huɗu na yi a firamaren Durun, amma ko a aji huɗun nan an sanar da mu cewa ci gaba shi ne kwano. Shi ya sa shekarar da gyaɗa ta yi albarka na sa aka sauke soron da mahaifina ya bar mini, azara da ƙasa duka, aka ɗora kwano mai walƙiya, aka buga silin. Masu wucewa kasuwar Gwarzo har waiwaye suke yi.

Bazara na shigowa ɗaki ya zama tanda. Hajiya, matata, da muka shekara arba'in muna hutun rana a ɗaki ɗaya, ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin ƙasan da muke ajiye harawa.

"Malam, ni ba gurasa ba ce," in ji ta.

Na yi lallashi, na yi wa'azi, na sayo fanka mai sola. Fankar ta dinga kwaso zafi tana watsa mini a fuska. Hajiya ko leƙe.

Sai autarmu, wadda ta karanto aikin gini a Kano, ta zo hutu. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce a gaban uwarta da wata maƙwabciya da ta zo aron rariya:

"Baba, iska ce ke shigo maka. Tana nan kwance tsakanin kwano da silin, da rana take saukowa."

Iska mai zafi take nufi. Ni na gane, ai na yi aji huɗu. Maƙwabciya kuwa ta yi salati, ta fice ko rariyar ba ta ɗauka ba.

Yarinyar nan ta ce sai an gwada. Ta rufe ƙofa, ta juya fanka tana hura waje ta taga, ta karɓi kaskon turaren wutar uwarta ta sa ni riƙewa. Ni, dattijo mai jikoki, ina bin lungu-lungu da kasko bayan azahar! Duk inda hayaƙi ya karkace, nan ɓaraka take: bakin silin, ramin wayar ƙwan lantarki, saman ƙofa. Ta yi ta zana alama da gawayi. Washegari kafinta ya zo, aka cusa soso, aka shafe da siminti, aka jera buhunan buntun shinkafa a bayan silin don su tare zafin kwano.

Kafin la'asar labari ya kai har ƙauyen Masanawa: an yi wa ɗakina turare, an zana bango, an kori mutanen ɓoye. A masallaci wani abokina ya matsa ya ba ni fili, yana cewa, "Sannu, Malam, ya mai jiki? Sun faɗi sunansu kafin su fita?" Na ce masa sun faɗa, kuma sun ce gidansa za su.

Abin haushin, aikin ya yi. Ɗaki ya yi sanyi, ba kamar soro ba dai, amma mutum zai kwanta ya tashi bai dahu ba. Na je ɗakin harawa da kaina na ce, "Hajiya, sai ki dawo."

Tana tsinkar zogale, ko kallona ba ta yi ba.

"Kun toshe ko'ina. In akwai wadda ta rage a ciki, ta ina za ta fita?"

"Haba Hajiya, kin san iskar da yarinyar nan take nufi."

"Na sani sarai." Ta yi murmushi. "Ka ce soron ya fi, yanzu in ɗauko tabarmata."

Bazara biyu ke nan ban faɗa ba. Ina hutun rana ni kaɗai, ina jin buntu na motsi a sama, wataƙila ɓera ne. Soron ya fi. Ga shi na rubuta, tunda ita ajami kawai take karantawa. Sai dai autar ce ke buga mini wannan takarda, kuma tun ɗazu da ta leƙa abin da na rubuta ta shige ɗakin harawa wajen uwarta, na ji shirun ya yi yawa, yanzu ga dariya ta tashi.