Karatun da Na Yi wa Yaya Idrisa

Idrisa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a Allakaye anka haife mu. Tun yana saurayi ya tahi ci-rani Abijan, ya daɗe can yana gyaran rediyo. Da ya komo, ya komo Kirista, da littattafai biyu cikin akwati. Mahaifinmu ya yi fushi iya fushi, amma bai kore shi ba. Ya ba shi gonar da ke bakin fadama, ya ce kowa da kabarinsa. Nan Idrisa ya zauna yana noma, yana gyaran rediyon mutane, ya yi aure, ya haifi ɗiya guda, Jaratu, wadda yanzu take aure a Madawa.

Ni kuwa, Lawali, sai na naɗa kaina malamin da zai maido shi hanya. Ilimina duka magana uku ce da na tsinto bakin masu wa'azi a kasuwa: an canza littafinsu, ba a san waɗanda sunka rubuta shi ba, kuma sashe na ƙaryata sashe. Shekara da shekaru ina jifarsa da su a kan ƙwaryar fura, shi ko sai ya ce in sha kada ƙuda ya faɗa. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa buɗe littafin ba. Bokon ma sai da na girma na koye shi, a ajin manya, zamanin da muke ɗaukar duwatsu a furojen Keita, aikin nan na gyaran ƙasa. Iyakacin abin da nake karantawa shi ne rubutun buhun taki.

Bayan rasuwar matarsa, yanar ido ta rufe Idrisa. Babu wani Kirista kusa da mu, sai fasto da ke zuwa a moto daga Madawa jefi-jefi. Wata rana ya ce ko zan riƙa karanta masa. Na tahi wurin limaminmu, Malam Mukhtar, ina fatan ya hana. Sai ya ce makahon ɗan'uwa yana da haƙƙi, in karanta masa, in riƙe sallata. Na dawo ina lallashin kaina da cewa ai dama ce ta samu, zan shiga gidan in nuna masa inda rufin ke yoyo.

Munka fara bayan la'asar, a gindin adduwar ƙofar gidansa. Ina bin layi da yatsa, ina tuntuɓe da sunaye, shi yana gyara mini da ka. Da na ga labarin Annabi Isa mutum huɗu sunka ba da shi, kowa da sunansa, sai na tambaya ko Lukan nan, ɗaya daga cikinsu, ya taɓa ganinsa ido da ido. Ya ce a'a, shi da kansa ya faɗi haka tun farko, wurin waɗanda sunka gani ya bincika. Da munka zo maganar zakaran da ya yi cara daren da sunka ce an kama Annabi Isa, guda ya ce sau biyu ya yi cara, sauran ba su ce sau biyu ba, har tashi na yi tsaye don daɗi. Idrisa ya ce in tara mutum huɗu su ba ni labarin shekarar da ruwa ya ci gadar hanyar Buza, in ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Na ce maganar Allah ba hirar tasha ba ce.

“Nan ne munka rabu, Lawali,” in ji shi. “Ku kuna cewa littahi saukowa ya yi. Mu muna cewa mutane sunka rubuta, Allah na bishe su. Ban taɓa ce maka ba mutane ne ba.”

Ashe rabin gardamar da na yi ta yi, da wani nake yin ta wanda ba ya nan. Ban yarda da maganarsa ba, har gobe kuma ban yarda ba, amma ranar na koma gida ina tunanin yawan furar da na bari ta tsinke a banza.

Sai na lura littafinsa na biyu, na Faransanci, wanda wani fada, limamin wata ikilisiya daban, ya ba shi a Abijan, ya ɗara na Hausa. Ya ce akwai littattafai bakwai a ciki da ikilisiyarsu ba ta lissafa ba, tsohuwar jayayya ce tsakanin Kiristoci kan waɗanne za a sa, waɗanne za a bari. Ranar kasuwa na saɓa littattafan biyu a kafaɗa na kai rumfar masu albasa, ina ɗaga su ɗaya hannun dama ɗaya hannun hagu kamar mai awon goro. Jama'a ta taru. Wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya ce to, in buɗe in nuna masu ko guda cikin bakwai ɗin. Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na buɗe, na rufe, na ce rana ta yi zafi. Tun ranar ƴan rumfar ke kirana Malam Injila, har yau sunan bai sake ni ba.

A ƙarshen littafin Markus na ci karo da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi, sai da na ari lunet, wato tabarau, na iya ganinsu. Cewa anka yi waɗansu tsofaffin kwafi ba su da ayoyin ƙarshe. Na karanta da ƙarfi har maƙwabta na ji. Idrisa ya ce ya sani, ai ba ɓoyewa anka yi ba tunda ga shi na karanta. Haka wasiƙar Ibraniyawa, da na tambaya wa ya rubuta ta, ya ce Allah ya sani. Na ce shin wannan ba ya damunsa? Ya ce ya dame shi ƙwarai a Abijan, har ya ajiye littafin wani lokaci, kuma yanzu ma yakan dawo masa. Amma abin da ya samu ciki ya riƙe shi ranar da ya binne matarsa, shi kuma bai iya yar da shi. Ban yi murna ba, sai na juya shafi.

Ranar da na fi kunyata kaina, labarin wani mutum ne mai ɗiya maza biyu, ƙaramin ya tahi uwa duniya ya watsar da rabonsa, babban ya zauna gida yana noma, da ƙaramin ya komo uban ya yi masa yanka. Raina ya sosu, don a gidanmu ƙaramin ne ya zauna. Sai na juya su. Na ce babban ne ya tahi, na kuma ƙara daga aljihuna cewa ya komo ya bi maganar ƙanensa. Idrisa ya bar ni har na dire, fuskarsa na kallon sama.

“Lawali,” ya ce, “tun muna da baƙin gashi kake cewa an canza littahin ga. Yau dai Allah ya nuna mini mai canzawa, ga shi zaune bisa tabarmata.”

Ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, don babu wata mafita. Kafin magariba labarin ya kai masallaci, Malam Mukhtar ya ce daga yau in ya ba ni saƙo zai haɗa ni da shaidu.

Bara Jaratu ta zo ta kai shi Madawa, likitocin ido sunka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe. Yanzu yana karatu da kansa, ya manna littafin kusa da hanci. Aikina ya ƙare, na zauna gida ina ce wa iyalina na huta. Ba a jima ba ya zo dogare da sanda, ya ce karatun shiru barci yake sa shi, babu mai tsayar da shi ya yi masa musu. Na ja aji kaɗan, na ce ina da aikin gona, alhali rani ne.

Yanzu shi ke karantawa, ni ke tsayar da shi. In an kira salla in tashi in tahi, ya sa tsinke a shafin ya jira ni. Mun koma can farko, muna cikin jerin sunayen wane ya haifi wane, kuma na riga na faɗa masa akwai biyu da ban gamsu da su ba.