Laptop ɗin Yaya Sanusi

Jama'a! Ku ji abin da ya same ni yau.

Kun san laptop ɗin marigayi Yaya Sanusi, wadda nake rubuta aikin makaranta da ita tun da aka harbe shi a hanyar Shinkafi. Kwanan nan, da na zare caja sai ta mutu ɗif. Na sauya caja, a banza.

Da hantsi na kai ta wurin mai gyara a kasuwar Kaura. Ya kwance bayanta, ya ɗago ya dube ni.

"Malama, wa ya cire batirin?"

Na ce ba wanda ya taɓa buɗe ta. Ya juyo mini ita. Gurbin wayam, sai saƙar gizo-gizo!

Na ce, "Wallahi satin jiya wuni na yi ina aiki da ita, kuma ba wuta."

Ya ce, "Ba ta yiwuwa."

Nan take na kira Innarmu na gaya mata. Ta tambaye ni yaushe abin ya fara, na ce ran Talata.

Sai ta ce, "Rannan anka yi sadakar arba'in ɗinshi, Hadiza. Kada a gyara ta. Maido ta gida, bar shi ya huta."