Mikiyar da Ta Ci Rabon Daji

Ƙafafunta na fara gani. Wata Juma'a ce a watan Disamba, ina aji biyar, malamarmu ta kwashe mu daga Germantown, garin da muke zaune a ƙasar waje, zuwa wani gidan jinyar namun daji a gindin duwatsu. Sauran yara suka ruga wajen mujiya, ni kuwa na maƙale a jikin gilashi ina kallon wata mikiya kwance a kan tawul. Faratanta sun dunƙule kamar hannun tsohuwar da sanyi ya kama, gashi ya rufe ƙafafun har ƙasa kamar ta sa wando. Wuyanta ya langaɓe, sai gashin ƙeyarta mai ruwan zinariya ke sheƙi.

Matar da ke jinyarta ta ce irin wannan mikiya daga arewa mai nisa take saukowa duk hunturu, kuma ba su da yawa a yankinmu. Ta nuna mana hoton cikin mikiyar da aka ɗauka da na'ura, da wasu ɗige-ɗige farare kamar gishiri. Ɓurɓushin dalma ne, in ji ta. Harsashi kan tarwatse a jikin barewa, maharbi ya bar kayan ciki a daji, mikiya ta ci, guba ta bi jininta. Nan take na tuna da Baba.

Babana ma'aikacin jinya ne, ɗan maharbi daga Filato, kuma duk shekara yakan bi wani abokin aikinsa farautar barewa a waɗannan duwatsun. In ya dawo, gidanmu sai ya zama kasuwa. Mama na yanka, matan cocinmu na zuwa daga garin Wheaton da ke kusa da mu da robobi, ni ce mai rubuta sunaye a jikin leda. Kayan ciki kuwa ba ya taɓa kawowa. Yakan shimfiɗa su a kan dutse yadda tsuntsaye za su hango, kamar yadda kakana ya koya masa. "Rabon daji ke nan," yakan ce da alfahari. "Mu ba ma cinyewa mu kaɗai."

Kwana tara na riƙe maganar. Lokacin ko gaisuwa da Turanci nake amsawa, a hankali, kaina a ƙasa. A rana ta goma malamarmu ta ce mikiyar ta mutu. Washegari da yamma na tarar da Baba a falo yana goge takalman farautarsa yana waƙar coci.

Yau Baba ba ya iya hawa ko matakalar gida, takalman suna cikin kwali. Nakan je duwatsun da kaina in tsaya cikin sanyi ina duban sama, wata shekara in ga guda ɗaya, wata shekara babu. Har yanzu ban san ko rabon da ya bari ne ta ci ba, shi ma bai sani ba, kuma bai sake kiransa rabon daji ba. Alfaharin nan nasa nake kewa.

A ranar nan a falo, na durƙusa a gabansa, na ba shi labarin faratan da Hausata mai gargada. Ya daina waƙar. Na ce, "Baba, don Allah, gobe in ka harba, ka binne kayan cikin."