Hayaƙin da Ya Ƙi Bin Iska

Mai Katako ake ce masa a layinmu, ko da yake ba ya yin kujera, ba ya yin ƙofa. Aikinsa a jami'a ne, a wani ɗaki mai ƙatuwar fanka, inda yake sassaƙa ƙananan gidaje da gadoji, malamai su hura musu iska su ga yadda za ta yi da su. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da zartonsa da wata ɗabi'a guda: ba ya kallon gini sai ya kalli na kusa da shi.

Mu kuwa katangarmu ɗaya da gidan burodi. Shekara da shekaru hayaƙi na tashi ya kama gabansa. Sai aka gina dogayen benaye biyu a ɗaya gefenmu, kafaɗa da kafaɗa, ta inda iska ke zuwa. Tun daga nan hayaƙin ya sauya hali. Sai ya tashi kaɗan, ya juyo baya, ya sauko tsakar gidanmu. Matata tana da ciwon fuka. Muka rufe taga, muka toshe da tsumma. Mai burodi mutumin kirki ne, ya ƙara wa bututunsa tsawo, amma a banza. 'Ya'yanmu suka fara maganar mu tashi. Matata kuwa, na lura tana daɗewa a gindin lemon da ta dasa.

Wata safiya sai ga Mai Katako da dogon kwanon rufi da buhun guntayen katako. Ya aika aka kira mai burodi. Ya kwantar da kwanon a ɗan karkace, ya saki ruwa ta tiyo, ya ce ruwan shi ne iska.

"Baba, da furfurarku za a yi wasan ruwa?" in ji mai burodi.

"Kai dai riƙe tiyon. Uwar gida, a ara mana bular wanki."

"A ara? Ta yaya za ku dawo da ita?" ta ce daga ƙofar ɗaki, tana tari tana dariya.

Ya kafa katako ɗaya a cikin ruwan, ya ce bene ne. Ya sa kwalin ashana a bayansa, ya ce gidanmu ne. Ya ɗiga bula a inda bututun yake, ya ce hayaƙi ne. Shuɗin ya yi rangaji, ya wuce.

"Ka gani?" in ji mai burodi. "Wucewa yake yi."

"Benen shi kaɗai yake tsaye?" in ji Mai Katako.

Ya kafa na biyu a gefensa. Ruwan bayansu ya rikice, ya kama juyi. Ya sake ɗigawa. Shuɗin ya nannaɗe, ya koma baya, ya kwanta a kan kwalin ashana.

Ya riƙa matsar da ɗigon a hankali, har ya kai daidai saitin ratar da ke tsakanin katakon biyu, inda ruwa ke kutsowa da ƙarfi. Nan shuɗin ya miƙe ya tafi. Mai burodi ya yi zumbur zai je neman magini.

"Zauna tukuna. Ba mu ga kan wa zai sauka ba."

Ya juye buhun, ya jera gidan tela, da makaranta, da shagon aski, kowanne a wurinsa. Sai da ya ga shuɗin ya wuce su duka ya faɗa fili, sannan ya ce a mayar da bututun kusurwar da ke saitin ratar benayen.

Aka mayar. Ba zan ce hayaƙi bai ƙara leƙo mu ba. Wata rana iska takan yi nata ra'ayin. Amma tsumman tagar ya koma aikin goge-goge, maganar tashi kuwa ba a sake ɗago ta ba.

Na je yi masa godiya, ya hau tambayata ko kwanon rufinsa ya bushe. Ban matsa ba. Idan lemon ya nuna, ita ce ke zaɓo manyan, ta ce in kai masa, in kuma tuna masa bularta.