Kiran da Mas'udu Yake Jira

Ina ɗaure bakin buhun gero a kasuwar Tsafe Idris direba ya tsaya a kaina. Ya ce, "Malam Sahabi, sai haƙuri. Mas'udu ya rasu. Gawarsa na cikin mota." Lokacin an yanke layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, labarin mutuwa ma da ƙafa yake zuwa.

Tare muka yi kiwon awaki da Mas'udu a 'Yankuzo. Manomi ne marar yawan magana, idan yana dariya kafaɗunsa kawai ke motsi. Da zaman ƙauye ya gagara ya kwaso iyalinsa zuwa Tsafe, ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Shi bai yi nisa a boko ba, amma ɗiyarsa Husna Allah ya ba ta kai. Idan tana karatu a zaure, takalmansa yake cirewa ya wuce a hankali, kamar mai tsoron tada jinjiri.

Husna ta ci jarrabawa, ta samu gurbi a jami'a a Gusau. Ɗaukar nauyin karatun ne ya fi ƙarfin uban. Sai wani malaminta ya kai sunanta wata gidauniya a Kaduna mai tallafa wa yara masu ƙoƙari. Suka ce za su kira iyayen waɗanda aka zaɓa, wanda ba a same shi a waya ba, a ba na bayansa. Lambar Mas'udu aka bayar, ta wata 'yar tsohuwar waya da ya ɗaure da roba.

Ana cikin jira layi ya ɗauke.

Daga nan Mas'udu ya fara bin motar Idris yana ƙetare iyakar jiha, inda waya ke kamawa. Can a bakin titi akwai wata tsamiya da mutanenmu ke taruwa. Kowa ya yi kiransa ya tafi, shi kuwa ya zauna da waya a tafin hannu yana kallonta. Idan ya gaji da jira ya kira gidauniyar, wata mata ta ce, "Baba, ba a gama ba, mu za mu kira ka." Abin da ya fi cin ransa hanyar dawowa ce. Da mota ta shigo Zamfara sai ya ji a jikinsa yanzu ne suke kira. Sai ya riƙa ƙara jinkiri, ga rana, ga hawan jinin da yake ɓoye wa iyalinsa.

A gindin tsamiyar nan Idris ya same shi jingine, ya zaci barci yake yi.

Bayan an share makoki na karɓi wayar na ci gaba da zuwa a madadinsa. Ba ta yi ƙara ba. Da layi ya dawo na kira matar, lambar ta daina shiga. Gurbin ya wuce, Husna tana gida tana taya uwarta ɗinki. Har yau ba mu sani ba, ko ba a zaɓe ta ba ne, ko an kira yana kan hanya. Wayar na wurina, ina kai ta caji. Ko ta wani ta yi irin kukanta a kasuwa, sai in laluba aljihuna.

Ran da Mas'udu zai yi tafiyarsa ta ƙarshe na raka shi tasha, ƙafafunsa a kumbure.

Na ce, "Ka huta yau mana, ni in je."

Ya ce, "Ɗiyarka ce? Su ji muryar wani ƙato su ce ba ta da uba?"

"To in sun yi maka Turanci, mi za ka ce musu?"

Kafaɗunsa suka motsa. "Husna ta koya mini. Duk abin da suka ce, in ce yas."

"Ko sun ce ba ta samu ba?"

Ya sa ƙafa ɗaya cikin mota. Ya ce, "Ai wannan ba sai sun kira ba, Sahabi."